Abin da cutar Trevor ta koya mini a ɗakin gashin ƙashi

Idan aka kawo mana yaro mai karkatacciyar ƙafa, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne laushin ƙashi na ƙarancin kalsiyam, wanda ya yi yawa a arewacin Najeriya, ko sikila idan ɗingishin daga ƙugu yake. Galibi hasashen kan yi daidai. Sai dai laushin ƙashi bai cika kama ƙafa ɗaya ya bar ɗaya ba. Shi ya sa ba na yanke hukunci sai na tsayar da yaro na kwatanta ƙafafunsa biyu.

Cutar Trevor ce ta sa mini wannan ɗabi'a. Likitocin Faransa biyu, Mouchet da Belot, suka fara bayyana ta a 1926, sannan David Trevor na Ingila ya faɗaɗa bayanin a 1950. An ƙiyasta tana samun yaro ɗaya cikin miliyan, kuma ta fi kama maza. Guringuntsin da ke kan ƙashi, daidai wurin gaɓa, shi ke girma fiye da kima ta gefe guda, yawanci a idon sawu ko gwiwa. Sai a ji kumburi mai tauri, gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa, ƙafar ta karkace. Sau da yawa ba ya zafi da fari, don haka iyaye kan ɗauka tsohon targaɗe ne su nufi wurin mai ɗori. Ja da matsa ba sa rage shi, wahala kawai yaron ke sha.

Hoton ƙashi ma yana iya ruɗar mutum, domin guringuntsi ba ya fita a ciki sai ya fara zama ƙashi. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki har da guringuntsi, ita ce ke nuna girmansa na gaskiya, ga ta da tsada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar iyaye mata: "Likita, daji ne? Daga wurina ya ɗauka?" Ba ciwon daji ba ne, kuma ba a san shi da bin jini ba. A ganina wannan amsa ya kamata a fara bayarwa kafin a shiga maganar magani.

Ba kowane yaro ake yi wa tiyata ba. In babu zafi kuma gaɓar na aiki, sa ido ake yi. In an cire kumburin, yana iya dawowa muddin yaron bai gama girma ba, saboda haka nakan roƙi iyaye kada su daina zuwa asibiti don sun ga kumburin ya tafi.