A Wuse sunana Ɗan Putin

A shagon da nake gyaran waya a Wuse, Abuja, babu mai kirana da sunan da aka raɗa mini. Ɗan Putin ake ce mini, don ni ɗan Nijar ne. Alhaji mai shagon ne ya fara, tun watan Afrilun 2024 da sojojin Rasha suka sauka a Yamai da na'urar kakkaɓo jirage. Yaran shago suka ɗauka, yanzu har mai kawo mana kunun aya haka take kirana. Da an shigo gyara sai Alhaji ya nuna ni: "Ga waɗanda suka kori Faransa, suka kori Amurka, suka koma goyon Rasha." A kwashe da dariya. Ni kuma in ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," in ci gaba da kwance wayar da ke gabana. A ɗakin da ya ba ni a Nyanya nake kwana, me zan ce?

Amma raina yana tafasa. Ni ɗan Agadas ne. A gabanmu Amurka ta gina sansanin sojan sama na 201 a gefen gari, wanda ya ci sama da dala miliyan 100. Ba don ƙaunar mutanen Agadas ba ne, daga can jiragenta marasa matuƙi suka riƙa leƙa Libiya da cikin Sahara. Faransa ma ba don Allah ta zauna ba, yuraniyom ɗin Arlit na nan. Rasha kuwa ban taɓa cewa sadaka ta zo rabawa ba, gurbin da aka bari ta zo cikewa.

Abin da ke ƙona ni shi ne masu dariyar ma a tafin hannun mai sayar da makamai suke. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kafa tuta a Gwoza, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen Cobra masu saukar ungulu. Jiragen Super Tucano 12 da ake taƙama da su, gwamnatin Obama ta riƙe cinikin bayan jirgin sojin Najeriya ya jefa bam kan 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017, sai da Trump ya hau ya sake shi. Aka zube kusan dala miliyan 500, aka haɗa jiragen a Florida, mutanensu suka samu aiki, ba su iso ba sai 2021. In wani ƙarfe ya lalace, wurin wa za a koma?

Duk a zuci nake wannan muhawara. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS, ko katin shaida aka tambaye ni sai gabana ya faɗi.

Aikin dai na iya shi, ba yabon kai ba. Masu manyan wayoyi daga Maitama ni suke tambaya, ba Alhaji ba. Sai dai naira ta zube, abin da nake turawa gida in an juya shi zuwa sefa kunya yake ba ni. Ƙanena da ke leburanci a sansanin ya rasa aiki da Amurkawa suka tafi a 2024, yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin aro, ga 'ya'ya. Inna ba ruwanta da wanda ya zo ko wanda ya tafi. Kullum saƙonta a WhatsApp ɗaya ne: an sa ranar ƙanwata bayan babbar Sallah, gado da katifa kuma a wuyana suke. Na ce mata to. Ban gaya mata nawa ne a hannuna ba.