Fili kyauta a Nebraska

A nan unguwar Aboabo, a ƙasar Ghana, rigimar fili ta raba 'yan ɗaki ɗaya ba adadi, shi ya sa labarin yammacin Amurka ya tsaya mini a rai. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar ba da eka 160 ga wanda zai yi gini, ya noma, ya zauna shekara 5. Da na gaya wa kawuna, mai sayar da goro, cewa ya yi, "Kai, banza ta faɗi!"

Ina fa, Kawu. Yawancin Nebraska, ɗaya daga cikin yankunan da aka raba filin, ba itatuwa, ciyawa ce iya ganinka. Sai magidanci ya yanko ƙasa da saiwoyinta, ya jera kamar tubali, ya shiga da iyali. Ruwa na sauka rufi ya dinga ɗigo da laka kan shimfiɗa, wani sa'in har da maciji. Girki kuwa da busasshen kashin ɓauna. A 1874 fara ta cinye gonaki ƙarƙaf. Da yawa sun tattara komatsansu tun wa'adi bai cika ba.

Kuma ƙasar nan da masu ita. Mutanen Pawnee, da suka gaji wurin kaka da kakanni, a shekarun 1870 aka kwashe su zuwa inda jihar Oklahoma take yau.