Goro ya kai ni Kumasi, bangon laka ya tsayar da ni

Kwana uku ke nan da dawowata Kano, kumburin ƙafata bai gama sacewa ba. Hanya dai hanya ce: Legas, Kwatano, Lome. Abu ɗaya zan faɗa. A wata iyaka wani ma'aikaci ya riƙe fasfo ɗina kusan awa guda, yana jujjuya shi kamar mai zaɓen tumatir, alhali ba abin da ya rasa a ciki. Da ya ga ba zan sa hannu a aljihu ba, ya cillo min shi kan tebur ko kallona bai yi ba.

Wani dattijo ne, Baba Alhaji, abokin cinikin marigayi mahaifina, ya sauke ni a Aboabo, wata unguwar zango a Kumasi ta ƙasar Ghana. Kakansa Bakano ne, fataucin goro ya kai shi Salaga, daga can ya gangaro Kumasi ya zauna. Hausarsu a sake take, mace ma "ya zo" ake ce mata, amma karamcin irin na da ne. Kullum da asuba koko mai yaji da ƙosai na jirana, kuma ranar da na ce zan biya kuɗin tasi sai da ya ɓata rai.

"Ɗana, ubanka bai taɓa biya a garin nan ba, kai ne za ka fara?"

Shi ya matsa sai na ga Manhyia, fadar sarkin Asante. Turawan Ingila suka gina gidan a 1925, bayan Sarki Prempeh na ɗaya ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi zaman dole. Tun 1995 aka mai da shi gidan tarihi. A ciki na ga kayan zinare da aka kwashe lokacin yaƙe-yaƙe, har da na 1874 da sojan Ingila suka ƙone garin. Guda 32 aka kawo daga Landan a 2024, wai kuma aro aka ba su. A kwashi kayan mutum, a dawo a ara masa! Raina ya sosu ƙwarai.

Amma abin da ya tsaya min a zuciya yana Besease, kusa da Ejisu, garin Yaa Asantewaa wadda ta ja yaƙin 1900 da Turawan Ingila. Ɗakin bautar gargajiya ne, don haka na yi turus a ƙofa.

"Baba Alhaji, anya kuwa?"

"Bango muka zo gani. Kai ba jikan magina ba ne?"

Ɗakuna huɗu ne suka sa tsakar gida a tsakiya: na makaɗa, na mawaƙa, na girki, sai na huɗu da yake a rufe. Ba tubali suke ɗorawa irin namu ba. Itace da gora ake kafawa a saƙa, sannan a cike da laka. Ƙasan bangon jar ƙasa ce da aka goge har tana sheƙi, saman kuma fari tas. Na matsa kusa da wani zane mai murɗe-murɗe, sai na ga inda ɗan gefensa ya ɓantare, ga tsinken gora a ciki an lanƙwasa shi, shi ne ƙashin zanen. Nan take na tuna kakana yana fitar da dagi a goshin zaure da yatsunsa, makuba na ɗiga a gwiwar hannunsa.

Jinkar ciyawa ce a kai, mai tsini sosai don ruwa ya zube nesa da bango. Mai kula da wurin ya ce inda aka sauya ta da kwano marar tudu, damina ta ci gindin ginin. Irin waɗannan gine-ginen goma ne kacal suka rage a ƙasar Asante, kuma tun 1980 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ni dai ba takardar ce ta burge ni ba. Sabon yaɓen da na gani a kusurwa ne, da sawun tafin wanda ya yi shi. Ginin ƙasa ba ya son komai sai a waiwaye shi kafin kowace damina.

Mu fa? Ganuwar Kano ana yankar ta ana kafa shaguna. A unguwarmu soraye masu zanko da na tashi na gani ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba yanzu, kowa ya sami kuɗi sai ya rushe ya zuba bulo. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, mutum nawa cikinmu suka taɓa shiga don su ɗaga kai su kalli bakan gizonsa?

Da muka koma na zaga zangon da sabon ido, ina neman ko zanko ɗaya. Ban samu ba, siminti ne da kwano ko'ina. Babban masallacin garin an gyara shi ya yi kyau, amma ba abin da zai ce maka jikokin maginan Kano da Katsina na salla a ciki. Baba Alhaji ya ce gidan kakansa yana da zaure har biyu, a gabansa aka rushe shi aka yi ɗakunan haya.

Goron na saye shi a kasuwa washegari, bayan ciniki mai zafi da wata mata da ba ta rage ko sisi sai da Baba Alhaji ya sa baki da Asantanci. Ya fi na kasuwar goro ta Mariri a Kano araha, amma canjin naira zuwa sidi, kuɗin Ghana, ya cinye ribar. Akara kwana ɗaya na yi, a Nima, ruwa ya hana ni fita. Daga nan sai mota.