Daga zauren taro a Cape Town zuwa tudun Sutherland

Na sauka Cape Town, a Afirka ta Kudu, a farkon Agustan 2024, a tsakiyar hunturunsu, ga ruwa ga iska mai ratsa ƙashi. Babban taron Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, IAU, ne ya kai ni. Duk bayan shekara 3 ake yin sa, kuma tun kafa ƙungiyar a 1919 ba a taɓa kawo shi Afirka ba sai wannan karo, daga 6 zuwa 15 ga wata. A irin wannan taro ne aka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi a Prague a 2006.

Shirin yakan fara watanni kafin tafiya: a tura taƙaitaccen bayanin bincike, a jira kwamiti ya ce jawabi za a yi ko fosta (shafi guda mai taƙaita binciken da ake nuna wa mahalarta), sannan a haɗa wasiƙar gayyata da takardun neman biza. Wanda ya jira sakamako kafin ya fara tara takardu, sau da yawa lokaci kan ƙure masa. Ga kuma soket: na Afirka ta Kudu mai manyan ƙafafu 3 ne zagayayyu, in ba adafta kwamfuta ta zama kaya.

A cikin zaure, zama da yawa ke gudana lokaci guda, don haka tun da dare nake fitar da jawaban da zan bi. Galibi minti 10 zuwa 15 ake ba mutum, kuma shafukan majigi masu yawa su ke cinye lokacin tambayoyi, alhali tambayar ce ribar zuwan. Fosta a wannan karon a allon kwamfuta aka nuna su, wanda ya cika rubutu ƙanana kuwa ba mai tsaya masa.

Inda na fi ƙaruwa shi ne garin Sutherland, tafiyar kusan awa 4 a mota daga Cape Town, cikin yankin Karoo. A kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800 na'urar hangen nesa ta SALT take, wadda aka ƙaddamar a 2005. Madubinta ya kai faɗin kusan mita 11, amma ba gilashi ɗaya ba ne: guntaye 91 ne masu kusurwa 6 aka jera. Ba ta ɗaga kai ko sunkuyarwa. A karkace take da digiri 37 daga tsakiyar sama, sai dai ta juya a kan gindinta, wata na'ura da ke can samanta ce ke bin tauraro. Wannan ya rage kuɗin gini sosai, amma kowane tauraro yana da ɗan lokacin da za a iya kallonsa a dare. Shi ya sa mai bincike ba ya zuwa da kansa; buƙatarsa ke shiga layi, ma'aikatan wurin su duba masa idan lokacin ya dace.

Sauyin zafi da sanyi kan goce jerin guntayen, hoto ya dushe, sai an sake daidaita su daga hasumiyar da ke gefen ginin. Idan raɓa ta yi yawa kuma, rufe rufin ake yi, daren ya tafi ke nan. Taron IAU na gaba a birnin Rum za a yi shi, a 2027.