Godiya Bayan An Sallami Yaya

Alhamdulillahi, jiya aka sallami Yaya daga asibiti a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da ƙafarsa ya taka har bakin mota. Duk wanda ya kira ban ɗaga ba ya yi mini afuwa, gajiya ce kawai.

Kun san yadda abin ya faro, ba sai na maimaita ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne halin da na shiga a cikin jirgin saman da na hau daga Beijin zuwa wurinsa. Daga Beijin zuwa Guangzhou kusan kilomita 1,900 ne, tafiyar awa 3 da 'yan mintuna. Jirgin ƙasa mai gudu kan ci wajen awa 8, shi ya sa ban ko waiwaye shi ba. Saƙon ƙarshe da na gani kafin mu tashi shi ne an shiga da shi ɗakin tiyata. Daga nan babu waya, babu labari, ban san ko mai jinya zan tarar ba ko mai wanka. Ga hadari ya haɗu a kudu, jirgin sai girgiza yake.

Wata tsohuwa 'yar Sin da ke gefena ta ga hannuna na rawa a kan carbi. Ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe filas ɗinta ta zuba mini ruwan zafi a murfi, ta ce in sha. Su a wurinsu ruwan zafi maganin komai ne. Na sha, ta sake zubawa. Da muka sauka a filin jirgin sama na Baiyun ta tsaya tana kallona har na kunna waya, sai da ta ga na ɗaga hannu sama sannan ta ja jakarta ta tafi. Ko sunanta ban sani ba. Allah Ya saka mata, Ya haɗa ta da alheri.

Na san ba ku son a ambace ku, amma ku yi haƙuri. Alhajinmu mai kayan waya na unguwar Xiaobei a Guangzhou, kai ka ajiye kuɗin da asibiti ta nema tun ina sama. Hajiya mai abinci, kunun da kike aikowa shi Yaya ya fara iya haɗiyewa. Ɗalibin likitanci ɗan Zinder da ya kwana yana yi mana tafinta, da 'yan kasuwar da suka yi karo-karo ta manhajar WeChat bayan sallar Juma'a, Allah Ya biya ku, Ya tsare dukiyarku, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da ciwo a ƙasar da ba taku ba. Amin summa amin.

'Yan uwa na gida da har yau muke jiran kiransu, mun gode, wataƙila intanet ce ta yi musu gardama.

Likita ya hana Yaya hawa jirgi tukuna, domin zuwa Adis Ababa kaɗai ya haura awa 10. Masu kaya a hannunsa su ƙara haƙuri, zan tuntuɓe ku ɗaya bayan ɗaya kafin in koma makaranta.