Yadda nake zaɓar namijin mesa don kiwo

Sana'ata kiwon mesa ce, ƙaramar nan da idan ta tsorata takan naɗe jikinta ta cusa kai a tsakiya ta dunƙule. Masana na kiranta Python regius. Asalinta Yammaci da Tsakiyar Afirka, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda kiwonta ya zama babbar kasuwa. Ba ta da dafi, tsawonta ma ba kasafai yake wuce mita ɗaya da rabi ba. Kamfanina ƙarami ne: ɗakin manya, ɗakin 'ya'ya, injin ƙyanƙyasa, sai ɓangaren da nake kiwon ɓerayen da suke ci. Yawancin masu saye a wurina ba 'yan kasuwa ba ne. Mutane ne masu sha'awa, masu mace ɗaya ko biyu a gida, suna so su ga ƙwai ya fashe a hannunsu. Tambayar da suka fi kawo mini ita ce wane namiji za su saya.

Ni kuwa kafin in nuna wa mutum ko maciji ɗaya sai na tambaye shi wace mace gare shi, nawa ne nauyinta, me take ɗauke da shi a jini. Wasu kan ɗauka ja musu rai nake yi. Alhali amsar tambayarsu tana can cikin akwatin da suka baro a gida. Namiji ba shi da daraja shi kaɗai a wurin mai kiwo, darajarsa tana ga abin da zai fitar idan ya haɗu da matan da kake da su.

Dalilin da ya sa zaɓensa yake da nauyi a fili yake. Mace ba ta wuce zubin ƙwai ɗaya a shekara, wata shekarar ma ta huta, kuma ƙwan kan kama daga huɗu zuwa goma, galibi wajen shida. Namiji ɗaya kuwa zai iya barbarar mata uku ko huɗu a kaka guda. Ke nan rabin jinin duk abin da zai fito daga injinka nasa ne. Shi ya sa 'yan sana'a suke tara ƙwayoyin gado masu tsada a jikin namiji, su bar mata su zama manya masu ƙoshin lafiya.

Akwai kuma batun lokaci, wanda sabon shiga yakan yi wa gaggawa. Mace tana buƙatar kusan shekara uku da nauyin giram 1,500 ko fiye kafin a haɗa ta. Namiji yakan isa barbara yana da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da nauyin giram 600 zuwa 800. Idan macenka jaririya ce, kar ka sayi namiji yanzu. Za ka shekara biyu kana ciyar da shi yana zaune, sa'annan launin da ake rububinsa bana zai yi araha kafin lokacin, domin duk wanda ya riga ka saye ya cika kasuwa da 'ya'yansa. Haka tarihin sana'ar yake tun farko. Zabiyar mesar da mai kiwo Bob Clark ya fara ƙyanƙyashewa a 1992 da Piebald ɗin (mai farin jiki da dabbare-dabbare) da wani mai kiwo, Peter Kahl, ya tabbatar ana gadonsa a 1997, a zamaninsu sai manyan masu kuɗi, yau kuwa ɗan koyo ma yana iya mallakarsu.

To, sai lissafin gado, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Launuka da zanen wannan mesa kashi biyu ne a wurin mai kiwo. Akwai waɗanda ke bayyana ko da daga iyaye ɗaya aka gada, irin su Pastel, Enchi, Mojave, Lesser, Fire da Yellow Belly. Idan namijinka Pastel ne ka haɗa shi da mace mai launin daji, kowane ƙwai yana da damar kashi 50 cikin ɗari ya fito Pastel. Idan aka gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, sai a samu abin da ake kira Super, wanda sau da yawa kamanninsa dabam ne ƙwarai. Mojave da Lesser 'yan gida ɗaya ne, haɗa su yakan ba da farar mesa mai shuɗin ido a ƙwai ɗaya cikin huɗu. Fire da Fire na ba da fara mai baƙin ido, Yellow Belly biyu kuma su ba da Ivory.

Kashi na biyu su ne masu ɓuya, irin su Zabiya, Piebald, Clown da Axanthic. Waɗannan ba sa fitowa sai an gada ta ɓangarori biyu. Macijin da ya gada ta ɓangare ɗaya kamanninsa na daji ne sak, sai dai yana ɗauke da abin a ɓoye, shi ake cewa het. A nan ne mutane suka fi shan mamaki. Ka sayi namijin Piebald mai farin jiki da dabbare-dabbare, ka haɗa shi da macen da ba ta ɗauke da komai, ka jira kwana 55 zuwa 60 a zafin kusan digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, ƙwai ya fashe, duk 'ya'yan su fito da launin daji. Ba a cuce ka ba. Dukansu het ne, amma kafin ka ga Piebald sai ka reni 'ya mace shekara uku ka haɗa ta da namijin. Da a ce macen het ce, da rabi sun fito Piebald tun zubin farko.

Saboda haka idan mai saye yana da mace het, shawarata ba ta canzawa: ya sayi namijin da abin ya bayyana a jikinsa, ba wani het ba. Het da het ƙwai ɗaya cikin huɗu suke bayarwa, ragowar masu launin daji kuma ba ka iya rarrabe mai ɗauke da wanda ba ya ɗauke da ido, sai dai a sayar da su a matsayin masu damar kashi 66 cikin ɗari. A zubin ƙwai shida, ɗaya cikin huɗu yana iya zama babu ko ɗaya. Wannan lissafin na kowane ƙwai ne a karan kansa, ba alkawari ba ne a kan zubin gaba ɗaya. Yanzu dai an samu sauƙi, domin akwai ɗakunan gwaji da ke karɓar saɓar maciji su duba wasu daga cikin ƙwayoyin nan, ciki har da Piebald da Clown. Duk wanda zai biya kuɗin het a hannun mutumin da bai sani ba, gara ya nemi takardar gwajin ko hoton iyaye da na zubin da macijin ya fito.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne namiji mai ƙwayoyi da yawa. Ka ga an rubuta suna huɗu ko biyar a jikin akwati, sai zuciya ta ɗauka. Amma namiji mai ƙwayoyi uku masu bayyana, idan ya hau mace mai launin daji, hanyoyi takwas ne abin zai iya bi, kuma damar samun ɗa mai kama da uban ɗaya ce cikin takwas. Bayan haka sai ka iya gane abin da ya fito. Jaririn da bai yi saɓar farko ba launinsa yakan yaudari ko tsohon hannu, kuma ba daidai ba ne ka sayar wa mutum maciji da sunan da kai kanka ba ka da tabbas a kai. Ga mai farawa na fi son namiji mai ƙwaya biyu da aka san su sarai, ko kuma Super guda. Amfanin Super shi ne duk ɗan da ya haifa sai ya ɗauki ƙwayar, ba za ka samu mai launin daji ko ɗaya ba.

Banana yana da nasa sha'ani. Launi ne mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa da shunayya mai haske, da ɗige-ɗigen baƙi da ke ƙaruwa yayin da macijin ke girma. Sai dai ƙwayarsa tana tafiya tare da jinsi. Namijin da ya gaji Banana daga ubansa, kusan duk 'ya'yansa masu launin maza za su zama, matan kuma su fito ba su da launin. Wanda ya gada daga uwarsa kuma akasin haka. Jefi-jefi akan samu wanda ya saɓa, amma ba a gina shiri a kansa. Duk mai sayar da namijin Banana ya kamata ya iya gaya maka daga wane ɓangare ya gado. Idan bai sani ba, to bai riƙe littafin kiwonsa yadda ya dace ba, kuma wannan ma abin lura ne game da sauran maganganunsa.

Akwai launukan da ba na kiwo, kuma ina faɗa wa kowa dalili. Spider, wanda ya shigo kasuwa wajen 1999, zanensa siriri ne mai kyau, amma yana zuwa da larurar karkarwar kai. Wani kaɗan ne, sai lokacin cin abinci za ka ga kan yana rawa yana kuskuren ɓera. Wani kuwa yakan murɗa wuya ya juya kai sama, idan ka kifar da shi ya daɗe bai miƙe ba. Bincike ya danganta abin da nakasa a can cikin kunne, sashen da ke daidaita jiki. Ba a raba launin da larurar, kuma uba mai ɗan kaɗan yana iya haifar ɗa mai tsanani. A 2018 ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki ta IHS a Birtaniya ta hana sayar da shi a bajekolinta. Champagne da Woma da Hidden Gene Woma su ma ana ganin irin wannan a jikinsu, kuma haɗa Champagne biyu ko Spider biyu yakan ba da 'ya'yan da ba sa rayuwa. Super na Cinnamon da na Black Pastel kan zo da karkataccen ƙashin baya ko bajajjen baki. Tunda namiji ɗaya ne zai bi duk matanka, duk larurar da ke jikinsa ka ninka ta ke nan da yawan ƙwanka. Ni ba na iya miƙa wa mutum dabbar da na san tun kafin a saka ƙwanta cewa za ta iya rayuwa cikin wahala.

Idan an gama maganar gado, sai a koma kan macijin kansa, kuma a nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Nakan ɗauke shi in bar shi ya bi hannuna. Lafiyayye za ka ji ya riƙe ka da ƙarfi, harshensa yana fita a kai a kai, jikinsa a cike, ƙashin bayansa bai tsaya tsini ba. Ina bin bayan da yatsa tun daga wuya har ƙarshen wutsiya, ko zan ji wani ƙulli. Ina kara shi kusa da kunnena in saurari numfashi, don kowane irin fito ko ƙaras-ƙaras alama ce ta ciwon huhu. Ina duba baki ko akwai kumfa ko majina. Sai in shafe shi da farar takarda mai ɗan danshi, in duba gefen ido da tsagar ƙarƙashin haɓa, inda ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini suke maƙalewa. Daga nan in tabbatar namiji ne. Jariri akan matsa gindin wutsiyarsa a hankali sai gaɓoɓinsa biyu su leƙo, babba kuma da siririn tsinken ƙarfe ake aunawa. Wanda bai koya a hannun gwani ba kar ya gwada, raunata dabbar abu ne mai sauƙi.

Sai cin abinci, wanda a wurina ya fi launi muhimmanci. Wannan mesa ta yi suna wajen ƙin ci, namiji kuma idan kakar barbara ta kama yakan yi watanni bai kalli ɓera ba. Wanda dama can mai tsirfar ci ne, zai shiga kakar ba shi da ajiya a jiki, ya fito a rame. Don haka ina neman katin ciyarwarsa: yaushe ya ci, me ya ci, sau nawa ya ƙi. Na fi son wanda ya saba da manyan ɓeraye da aka daskarar aka ɗumama, saboda wanda ya saba da ƙananan ɓeraye ko masu rai yana da wuyar sauyawa, ɓera mai rai kuma yana iya cizon macijin ya yi masa mummunan rauni. A lokacin barbara ina sa namiji wurin mace kwana biyu ko uku, in na ga sun sarƙe wutsiya in rubuta ranar, sa'annan in mayar da shi akwatinsa ya huta a miƙa masa abinci. Ina ɗora shi a sikeli a kai a kai. Idan nauyin ya soma zubewa sosai, aikinsa na bana ya ƙare ko da saura mace tana jira. Ƙaramin namiji a kakarsa ta farko mace ɗaya ko biyu sun ishe shi.

Sabon namiji ba ya shiga ɗakin kiwo ranar da ya iso. Ana killace shi a wani ɗaki dabam kwana 90, da kayan aikinsa na kansa, kuma shi ake duba wa a ƙarshe bayan an gama da sauran. Akwai ƙwayar cutar numfashi da ake kira nido, wadda maciji kan ɗauka ba tare da ya nuna alama ba, kuma likitan dabbobi yana iya gano ta da ɗan abin da ya shafo daga baki. Namiji shi ne dabbar da ke shiga akwatin kowace mace, saboda haka ta jikinsa cuta ta fi saurin zagaye ɗaki. Mai son haɗawa a kaka mai zuwa sai ya lissafa watanni ukun nan tun wajen saye.

Tambayata ta ƙarshe ga mai saye ita ce ina 'ya'yan za su je. Wannan mesa tana rayuwa shekara 20 zuwa 30, wasu ma sun haura 40. Kowane jariri yana buƙatar akwatinsa da ɗuminsa, kuma ba a sayar da shi sai ya yi saɓar farko ya ci abinci sau da dama da kansa. Maza masu launin daji da masu ƙwaya ɗaya sun yi yawa a kasuwa, suna iya zama a hannunka shekara suna ci. Wannan ma yana shiga zaɓen uba. Mutumin da ke da mace het Piebald, nakan nuna masa namijin Piebald mai Pastel ko Enchi a kai, domin rabin zubin zai fito da farin jiki, ragowar kuma het ne na tabbas da za a iya rubutawa a takarda ba tare da shakka ba. Mai mace Mojave ko Lesser nakan nuna masa ɗan gidansu. Wanda macensa mai launin daji ce ba ta ɗauke da komai, Super nake ba shi shawara, in kuma gaya masa ya tanadi akwatuna goma da ɓerayen wata shida kafin ya haɗa su.