Ambulan Ɗin Baba na Fagge

A 2018 na bar Damagaram na zo Kano, wani ɗan'uwan mahaifiyata ya samo mini tsaron shago a Kantin Kwari. Na ɗauka ba wata baƙunta zan yi ba, tunda Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, tafiyar ma ba ta wuce yini guda ta Kwangwalam da Daura. Ashe da sauran aiki. Ranar farko wata mata ta ce in rage mata jaka biyu, na tsaya ina lissafin sefa dubu biyu a kaina, yaran shago suna ta ƙyaƙyata dariya. A Kano jaka naira 200 ce. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Badamagare.

Ɗakin da na kama a Fagge na wani dattijo ne da ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Wata uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa da kuɗin haya. Wani dare bayan isha'i aka ɗauke wuta, na fito soro shan iska, na tarar da shi da tocila a baki yana jera tsofaffin ambulan a kan tabarma. Na ce, "Baba, tambur kake tarawa?" Ya cire tocilar ya dube ni. "Tambur kuma? Ku dai Faransa ta gama da ku. Kan sarki ake cewa, yaro. Zauna."

Tun ina makarantar firamare nake tara su, amma irin tarun yara: in jiƙa takarda a ruwa, in ɓamɓaro kan sarkin, in jefar da saura. Da na faɗa masa haka sai ya yi salati kamar na ce na yanka ɗan akuyar maƙwabci. A wurinsa ambulan ɗin gaba ɗaya shi ne kayan. Kan sarki yana gaya maka ƙasa da farashi kawai, hatimin da aka buga a kansa shi ke faɗin gari da rana, a baya kuma wani lokaci akwai hatimin inda wasiƙar ta yada zango. Wanda ya ɓamɓare, in ji shi, ya ci nama ya zubar da romo.

Ya miƙo mini ɗaya. Kan sarki kore na kwabo ɗaya da rabi, cikin jerin da aka fitar a 1953, ga gyaɗar Kano a tsakiya. Wani kuma na kwabo guda, mahayan dawakin Barno. Sannan ya jera mini biyu kusa da juna, na 1972 da sule a jiki, na 1973 da kobo, domin ranar 1 ga Janairun 1973 aka bar fam aka koma naira, fam ɗaya naira biyu. Nan na gane asalin abin da ya kunyata ni a kasuwa: jaka fam ɗari ce a da, da aka canza kuɗi ta zama naira 200.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani mai bakin shuɗi da ja, an rubuta adireshin da tawada, sunan wani fatake a Kurmi, hatimin kuwa ZINDER. Na daɗe ina juya shi. Baba ya ce, "Kakanninka da suka gaji da kawo mana yaƙi zamanin sarkinku Kuran Daga da namu Sarki Alu, sai suka koma aiko mana wasiƙa suna neman bashin turmi." Na ce ai ko a lokacin Kanawa ba sa biya a kan kari. Daren nan ne na fara yin dariya ta gaske a garin.

Da na je gida hutun Sallah, na kwaso wasiƙun da mahaifina ya ajiye a adaka, na cire takardun ciki na bar wa Inna, na zo da ambulan. A ciki akwai mai hoton bishiyar Tenere, wadda ke tsaye ita kaɗai a hamadar Nijar har mota ta kaɗe ta a 1973. Baba ya ba ni ambulan uku a madadinsa, kuma har yau ina ganin shi ya ci riba. Ta hanyarsa na san wasu mutum huɗu masu wannan sha'awa, muna haɗuwa a soronsa ranar Juma'a bayan la'asar. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya tsaya mini lokacin da na buɗe nawa teburin.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, na yi wata da watanni ban ga Inna ba. Muna magana ta WhatsApp kullum, amma muryar da ke cikin waya ba a sa ta a adaka. Da hanya ta buɗe sai na roƙi ƙanena ya je gidan waya ya aiko mini wasiƙa, ko layi biyu ne, ya kuma roƙi ma'aikacin ya buga hatimin a hankali yadda kwanan wata zai fito. Ta yi sati biyar a hanyar da mota ke ci a yini ɗaya. Baba ya ɗaga ta a hasken taga, ya duba gaba ya duba baya, ya ce kada in kuskura in yage bakin, in kawo reza.